Tsohuwar ta faɗa min, ni ce ban tsaya na ji ba

Jibi in Allah ya kai mu zan miƙa makullin matarnite, wato ɗakin haihuwa, in kama hanyar Yamai, afektasiyo, takardar canjin wurin aiki, ta fito tun watan jiya. Shekara tara na yi ina aikin sajifam, wato ungozomar asibiti, a CSI ɗin nan, ƙaramin asibitin karkara, kuma ƴan istaj biyu masu koyon aiki da ke hannuna yanzu sun matsa min wai Madam ki rubuta mana abin da kika koya kafin ki tafi. Dare uku ina farawa ina gogewa, don duk ta inda na ɗauko zancen sai in tarar na koma kan dare guda na damanar 2017, da wata tsohuwa da ta riƙe min gefen rigar aiki tana magana ni kuma ina sauri. Toh bari in rubuta shi kawai, wadda ta san aikin za ta gane ba sai na tsaya bayanin gardi da rajista ba.

Tun ina lekol na ɗauki wata magana na riƙe ta gam, wai sezariyen, wato aikin ciro ɗa ta ciki, ba gado ba ce. Kuma na san abin da ya sa nake son maganar. Duk wadda ta yi aiki a ƙauyukan Adar ta san yadda mata ke tsoron wuƙa, zafin ma ba shi ne babba a wurinsu ba, gorin da ke biyo baya ne, a ce wance raguwa ce sai da aka yanka ta aka ciro ɗa, kishiya ta samu abin faɗi a bakin rijiya, uwar miji ta fara lissafin wannan ba za ta wuce haihuwa uku ba gara a nemo wata. To yarinyar da ta taso tana jin an yi wa uwarta aiki, da an ce asibiti bulok, ɗakin tiyata, kawai take gani, sai ta ɓoye naƙuda ta yi ta durƙuso a ɗaki har abu ya ɓaci. Saboda haka duk ranar awo in na tara su ƙarƙashin rumfa sai in ɗaga murya in ce kowace mace da nata ciki, don an yi wa innarki ba shi ne za a yi miki ba, ku zo ku haihu a nan. Suna jin daɗi ni ma ina jin daɗi, masu haihuwa a wurinmu suka ƙaru a shekarar har aka yaba min a distirik, shekarata biyu kacal da fara aiki.

Wata Laraba ce cikin watan Agusta, bayan isha'i aka kawo wata yarinya mai naƙuda a amalanke. Ƴar shekara 16, cikin fari, mijin yana Abijan wurin bida kamar rabin mazan garin. Sau biyu kawai ta zo awo, kuma ni da hannuna na rubuta tsawonta a karne, katin awonta, santi 147, har na ja layi a ƙasa da jan biro. Kakarta ta wajen uwa ce ta rako ta da wata ƙanwar miji. Ina sa safar hannu tsohuwar ta kama min riga ta ce, Madam tsaya in hwaɗa miki, ɗiyag ga uwatta ba ta haihe ta da kanta ba, Tawa anka kai ta anka hidda ta, ƙanwar uwatta ma wahala ta sha, mu haka ƙugunmu yake, ki aika da ita tun dare bai yi ba.

Na yi mata murmushin nan da muke yi wa tsofaffi in mun riga mun yanke cewa ba su san komai ba, na ce Inna kwantar da hankalinki wannan ba a gadonsa, in sha Allahu kafin asuba kin ɗauki tattaɓa kunnenki. Ban tambaye ta don me aka yi wa uwar aiki ba. Ban tambayi wace irin wahala ƙanwar uwar ta sha ba. Ko lokacin da naƙudar ta fara ban bi shi yadda ya kamata ba, yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce da la'asar, na rubuta da la'asar, alhali tun daren Talata take ciwo tana cizon zane saboda kunyar ɗan fari, kuma tsohuwar ta sani, da na ba ta minti biyar da duk ta faɗa min.

Na duba, bakin mahaifa santi 4, faya ta riga ta fashe, kan ɗa yana can sama bai shiga ƙugu ba yatsuna biyar duka suna jin sa ta saman mara. Bugun zuciyar ɗa 140, lafiya lau. Na buɗe fartogaram, takardar da muke bin ci gaban naƙuda da ita, na sa alamar farko ƙarfe 8 na dare. Kan da bai sauka ba a cikin fari bayan naƙuda ta kankama, ga gajarta ga ƙuruciya, ko da tsohuwa ba ta ce uffan ba waɗannan sun isa in ɗaga waya, na sani an koya mana. Amma na riga na ce mata babu komai a gaban mutane, kuma wlh yanzu da nake duba zuciyata da gaskiya, cikin abin da ya riƙe ni har da kar ta ga maganarta ta fi tawa.

Ƙarfe 12 na sake dubawa, santi 5. A ƙa'idar takardar da muke aiki da ita lokacin santi guda ake so duk awa, wato ya kamata a ce ta kai 8, ta tsallake layin gargaɗi da nisa saura kaɗan ta taɓa layi na biyu da ke awa 4 bayansa. Kuma a wurin da babu bulok, da an tsallake layin farko tashi ake yi, layi na biyu na waɗanda likitan tiyata ke bayan ƙofarsu ne. Nan jikina ya yi sanyi, na ɗauki tocila na tafi na buga wa majo, shugaban CSI ɗin, ƙofa don kiran ambilans da kuɗin asusun ebakuwasiyo, na tura mara lafiya babban asibiti, dala ashirin ashirin ɗin nan da ake karɓa a hannun marasa lafiya, duk ta wurinsa suke bi. Ya leƙo ta taga ya ce Madam mutum nawa kika tura wannan watan? Na ce uku. Ya ce biyu a hanya suka haihu, an yi min dariya a reyiniyo an ce sajifam ɗina matsoraciya ce, kuɗin esans ba daga rijiya nake ɗibarsu ba, cikin fari ne dama yana da nawa, ki sa mata ruwa ki jira safe. Na ce Majo kan bai sauka ba fa. Ya ce zai sauka. Ya rufe taga.

Na koma. Wannan komawar ita ce har yau ta tsaya min a maƙoshi, don ina da salula ina da kiredi, rezo yana nan, lambar babban likitan distirik tana manne a bango bayan teburina, sama kuma tas take da taurari. Amma ƴar kwantiragi ce ni, shi ke sa hannu a takarduna, kuma na ji tsoron a ce na tsallake shugabana. Abu guda da nake gode wa Allah a kai shi ne ban zuba sinto, maganin ƙara ƙarfin naƙuda, a cikin ruwan ba duk da na ga ana yi, da na sa da ƙila mahaifar ta fashe a hannuna mun rasa su biyun. Tsohuwar tana zaune kan tabarma a bakin ƙofa da tasbaha, duk wucewar da zan yi sai ta ɗago kai ta bi ni da ido, ba ta sake cewa komai ba.

Wajen ƙarfe 2 hadari ya taso daga gabas, aka sheƙe da ruwa. Ƙarfe 4 santi 6, fatar kan ɗa ta kumbura ƙasusuwan kan sun hau juna, ruwan da ke fita ya koma kore mai kauri, na sa robar fitsari da ƙyar ta shiga, ɗan abin da ya fito da jini a ciki, bugun zuciyar ɗa ya sauko ƙasa da 100. Wannan karon ban buga ƙofar kowa ba na kira da kaina. Ambilans ta taso ta tarar ƙorama ta cika ta yanke hanya, hanyar da ƙarfe 8 da ƙarfe 12 a bushe take, suka tsaya jiran ruwa ya janye, ba su iso ba sai wajen 8 na safe. A cikin mota na yi ta ɗora abin saurare a cikinta ina neman bugun, laterit tana jijjiga mu ina ce wa kaina ƙarar mota ce ta hana ni ji. Muka shiga Tawa rana ta take. Likitan da ya karɓe mu ya dubi fartogaram ya dube ni, bai ce komai ba ya wuce bulok. Namiji ne, kilo 3 da giram 400, ba rai.

Na fito na tarar da tsohuwar a ƙasa bakin ƙofa, na durƙusa gabanta na kasa magana. Ita ce ta dafa kaina ta ce Madam, Allah ya ƙaddara, tashi. Ba ta ce ai na hwaɗa miki ba, har ta bar duniya bara ba ta taɓa faɗi ba. Kwana shida bayan nan fitsari ya fara zuba ta inda ba hanyarsa ba. Kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina zuwa wurin naman ya mutu, in ya mutu kuma bayan ƴan kwanaki sai ya saki ya bar rami. Yoyon fitsari, a shekara 16.

Da aka zo binciken abin da ya faru, a gaban mutanen distirik majo ya ce shi ba a tashe shi ba sai da asuba. Na buɗe baki zan yi magana ya ce ina aka rubuta? Kuma gsky ban rubuta ba, takardar ta nuna ƙarfe 12 na ga matsala, ta nuna ƙarfe 4 na kira, tsakaninsu fili ne fari fat ga sa hannuna a ƙasa. Aka ba ni takardar neman bayani aka sa a dosiyena, shekara biyu duk sanda formasiyo, horon ƙaro sani, ta zo ana tsallake sunana. Shi kuwa shekara na zagayowa aka kai shi wurin da ya fi wannan. Ban taɓa cewa ba ni da laifi ba, nawa na ɗauka kuma ina ɗauke da shi, amma na ɗauki nawa aka ɗora min nasa, kuma har gobe in muka haɗu a taro yana miƙo gaisuwa yana tambayar yara kamar ba a yi komai ba. Ina amsawa saboda Musulunci, iyakarta kenan.

Bayan arba'in na hau kabu-kabu na tafi ƙauyensu, ba wanda ya aike ni. A nan na fara ganin uwar yarinyar, wadda daren nan ba ta biyo su ba saboda kunyar ɗiyar fari. Da ta miƙe za ta kawo min ruwa na ga tsawonsu ɗaya da ɗiyar kamar an auna. Ta ce a 2001 kwana uku ta yi tana naƙudar yarinyar nan, lokacin ba a fara yin aikin kyauta ba, sai a ƙarshen 2005 gwamnati ta ɗauke kuɗin sezariyen, saboda haka sai da maigidan ya sayar da saniya da ɗan maraƙinta. Ciki na biyu ta zauna gida don ba sauran abin sayarwa, ɗan ya zo ba rai, Allah ne kawai ya tsare tabon bai yage ba. Na uku a 2006 aka sake yi mata aiki. Ƙanwarta kuma wadda tsohuwar ta ce ta sha wahala, ɗan fari ya mutu a ciki ta samu yoyo miji ya sake ta, tana nan a wani ɗan ɗaki bayan gida, na gan ta da idona tana wankin tsummoki. Ita kanta tsohuwar biyun farko da ta haifa ba su zo da rai ba. Duk wannan yana cikin mu haka ƙugunmu yake ɗin da na yi wa murmushi. A hanyar dawowa na tuna ni kaina da nake karɓar haihuwar mutane ban taɓa tambayar innata yadda ta haife ni ba, daren ranar na kira ta.

Daga nan na fara bin maganar, na tambayi likitocin mata da na sani, na karanta abin da na samu a salula. A ƙasar Norwe suna da rajistar duk haihuwar da aka yi tun 1967 har ana iya haɗa takardar uwa da ta ɗiyarta, kuma a binciken da suka fitar a 2008 sun ga macen da aka haife ta ta hanyar sezariyen yiwuwar a yi mata a ɗan fari ta fi ta sauran da kashi 55 cikin 100, wadda aka yi wa yayarta kuma da kashi 45. Dan Allah a lura a nan don na ga ƴan istaj suna ruɗewa, ba a ce 55 cikin 100 za a yi musu aiki ba. Misali in a cikin mata 100 goma ake yi wa, to a cikin 100 masu wannan tarihi sai su zama 15 ko 16, sauran tamanin da wani abu su haihu da kansu. Kenan abin da nake faɗi a ƙarƙashin rumfa yana da gaskiya a ciki, amma rabinta ce, ɗayan rabin yana bakin tsohuwa.

Ba wadda ake haifa da tabo a mara. Abin da ke bin jini shi ne dalilin da ya kai uwar ga wuƙa, in dalilin yana cikin masu bin jini. Tsawo da yanayin ƙugu suna bi. Naƙuda mai nawa da ba ta ci gaba ana ganinta tsakanin uwa da ɗiya da ƴan'uwa mata. Hawan jinin ciki da jijjiga suna bi sosai, wadda uwarta ko yayarta ta yi haɗarinta ya ninka, ita kam tansiyo da gwajin fitsari duk awo ba fashi. Ciwon suga mai sa ɗa ya yi ƙato, tagwayen da ba su kama da juna ta wajen uwa, ƙarin mahaifa, sikila. Amma in mabiyiya ce ta sauko ta tare ƙofa, ko cibiya ta riga ɗa fitowa, ko ɗa ya gicciye, ko ya gaji a tsakiyar naƙuda, galibi tsautsayin wannan ciki ne kawai ba ya bin ɗiya zuwa ɗakin mijinta. Shi ya sa an yi wa uwata aiki ba amsa ba ce tukuna, sai an ji don me.

Akwai kuma wani gadon da ba na jini ba amma yana sauka daga uwa zuwa ɗiya kamar na jini, tukunyar gidan da shekarun aure. Yarinyar da ta taso ba ta ƙoshi ba ta kai tsawon da ya kamata ta kai, wannan yarinyar tana ƴar shekara 4 aka yi yunwar 2005 da ta biyo bayan fari da fara, duk wanda ke jihar Tawa lokacin ya san abin da yara suka gani. Ƙugu kuma bai gama buɗewa lokacin da al'ada ta fara, yana ci gaba har bayan tsawo ya tsaya. A ƙasar da mata 3 cikin 4 ke shiga ɗakin miji kafin su cika 18, uwa ta yi cikin fari a 15 ɗiya ta yi a 16 duk su sha wuya iri ɗaya, sai a ce ai gadon gidansu ne. Eh gadon gidan ne, amma wannan kam da uban ya ƙara mata shekara uku a gida da an rage wani abu, kuma na faɗa wa iyaye maza da yawa haka a fuskarsu, wasu sun ji wasu sun daina gaishe ni.

Abin da ya fi tsaya min kuwa zama da matan nan ne ya koya min shi. A ƙasashen da suka wadata mace tana iya samun sezariyen a kan dalili mai sauƙi, OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta ce yanzu a duniya kusan haihuwa 1 cikin 5 da aiki ake yin ta. Mu a Nijar babban binciken lafiyar jama'a na 2012 bai samu ko 2 cikin 100 ba, a karkara ma ƙasa da haka. To matar ƙauye da aka yi wa aiki a 2001, ga kuɗi ga nisa ga amalanke ga jiran izinin maigida, ba a kan ƙaramin abu aka yi mata ba, sai da ta leƙa kabari. Saboda haka in aka ce miki a nan an yi wa uwarta aiki, a ganina maganar ta fi irinta ta Norwe nauyi nesa ba kusa ba. Sannan ki juya ta ta ɗaya gefen, gidaje da yawa masu matsalar ƙugu babu wadda aka taɓa yi wa sezariyen a cikinsu don ba su taɓa isa inda ake yi ba. Ki tambaya an taɓa yi wa wata aiki a gidanku a ce a'a, ki rubuta babu ki saki jiki. Alhali tarihin yana nan da wasu sunaye, ta rasu a kan gwiwa, ɗan farinta bai zo da rai ba, kwana uku take yi, tana yoyo, ta faɗi tana kakkafewa aka ce iska ce.

Tun daga lokacin na canza yadda nake tambaya. Ba na yi a gaban dangin miji, ba yarinyar da za ta tona asirin gidansu a gaban ƙanwar mijinta. In akwai tsohuwa a cikin ƴan rakiya ita nake ja gefe in ba ta kujera, in ce Inna uwarta kwana nawa take yi in za ta haihu, cikin yayyenta akwai wadda ta sha wuya, da me, akwai wadda aka rasa? Na ja wani layi da fensir a gefen rajistar awo inda nake rubuta amsar, wani mai sufabiziyo ya taɓa cewa in goge ba ya cikin tsari, na ce to, ban goge ba. In amsar ta haɗu da tsawo ƙasa da santi 150 da cikin fari da ƙuruciya, ba na jiran naƙuda, tun ciki na wata bakwai muke shiri, gidan wa za ta sauka a Tawa in wata tara ya kama, kuɗin mota yana hannun wa, wa zai ba da jini, miji kuma ya turo izininsa ta WhatsApp daga Abijan ko Libiya a ajiye muryar a salular uwarsa, don na ga an kwana ana neman mutum a waya mace tana zubar da jini.

Kar kuma wata ta karanta wannan ta koma tura duk wadda aka taɓa yi wa danginta aiki, ko ta tsorata ta. Wata malamar lekol ta zo min tana kuka tun ciki na wata uku, an yi wa mamarta sau biyu ita ta riga ta sallama har ta daina barci. Na ce ta kira maman a gabana. Ashe na farko jini ne ya ɓalle mabiyiya ta tare hanya, na biyun kuma don cikin ya zo kusa da kusa a kan ɗanyen tabo. Ita malamar doguwa ce santi 166, shekara 24, eko, hoton ciki, ya nuna komai a wurinsa. Na ce ki zo ki haihu muna kallo, in abu ya canza za mu tashi. Awa bakwai ta yi, yanzu ƴaƴanta uku duk a hannuna aka haife su.

Wadda tabon ke jikinta ita kanta wannan zance ne daban kuma ya fi tarihin dangi nauyi. Kusan 3 cikin 4 na waɗanda aka bari suka gwada bayan aiki guda suna haihuwa da kansu, amma a inda bulok da jini suke ake gwadawa don tabo yana iya yagewa, ba a CSI ba balle a ɗaki, kuma a ba da tazarar shekara biyu.

Sauran ƙanana ne. Duk wanda kika tasa da dare ki rubuta lokaci da abin da ya ce, a gabansa in ta kama. Mai cikin fari in ta ce yanzu ciwo ya fara ki ƙara mata rabin yini a ranki. Da damana ki leƙa sama kafin ki ce a jira. Matar da ke share miki ɗakin haihuwa ta fi ki sanin gidajen garin, ki tambaye ta. Ni dai daga daren nan ban sake neman izinin kowa kafin in kira ambilans ba, kira nake in sanar daga baya, an ci gaba da ce min matsoraciya, majo biyu da suka zo bayansa sun yi ƙorafi sun gaji sun saba. Na rasa jarirai a shekara bakwai ɗin nan ba zan ɓoye ba, amma ba ko ɗaya da aka rasa don na zauna jiran safe.

Yarinyar an yi mata gyara a cibiyar masu yoyon fitsari ta Yamai, sai a karo na biyu ramin ya rufe. Mijin farko bai jira ba. Ta sake aure, a 2021 aka ciro mata ɗiya mace a ranar da aka tsara tun kafin naƙuda, don bayan irin wannan gyara ba a barin mace ta yi nishi. Ta aiko min da goron suna.

Wata uku da suka wuce ƙanwarta ta shigo awo, wadda aka haifa a 2006, shekara 18 santi 149 cikin fari, wannan karon uwar ce da kanta ta rako ta. Na san duk amsoshin amma na ba uwar kujera na yi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya na rubuta a layin fensir, don wadda za ta gaje ni ta gani. Watan haihuwarta sai bayan na tafi, wannan ne ya hana ni jin daɗin afektasiyon nan sosai. Mun riga mun shirya za ta koma gidan wata gwaggonta a Tawa sati uku kafin lokaci, jiya na kai sabuwar sajifam har ƙofar gidansu na haɗa su. Na rubuta lambata a bayan karne na ce wa uwar ta kira ni ko ƙarfe nawa ne, ta ce to Madam, ta naɗe karnen a leda ta soke a gefen zane.